Ranar Da Kara Ya Koma Gona

A Unguwar Aduwa, can gabas da Babban Mutum, akwai wani mutum Sama'ila wanda gonarsa ta gaji. Ba lalaci ne ya kashe ta ba. Gonar gado ce, kakansa ya ci, ubansa ya ci, shi ma ya ci, babu wanda ya taɓa ba ta abin kirki. Yashi ya hau kanta, ƙuduji ya kafa gari a ciki. Geron da ya girbe bana bai kai rabin rumbu ba. Alhaji Kabo, wanda suke iyaka da shi, ya sha taya ta. Sama'ila bai taɓa amsa masa ba, amma a ransa ya riga ya yanke cewa in baɗi ta sake yi masa haka, to ya sallama.

Maganin gona irin wannan kowa ya san shi. Fulani su sauka a kanta da rani, shanu su kwana su tashi, su zuba kashi da fitsari, su tattake. Shi ake ce wa mashekari. Gonar da ta samu mashekari sai ta yi shekaru tana godiya. To amma Bafillace ba ya sauka don kyan fuskarka. Sai ka ba shi geron tuwo da fura, ka ba shi kanwar shanu, ka kyautata wa iyalinsa. Mutumin da rumbunsa ba ya kai shi bazara, ina ya ga geron ba baƙo? Shi ya sa kowace shekara Jauro Yero da garkensa a gonar Alhaji Kabo suke sauka.

Sama'ila kuma yana da al'ada irin ta duk talakan yankin. Da an gama girbi an ɗaure dammuna, sai ya bi gona ya tattara kara duka, ya kira Suhaibu mai amalanke ya sayar masa. Shi Suhaibu jibgewa yake yi a bayan gidansa, sai bazara ta kama, abincin dabbobi ya yi wuya, ya sayar wa masu kiwon turke. Kuɗin kara su ne gishiri da sabulu da takalman yara. Haka ubansa ya yi, haka yake yi, hannunsa ya saba ko bai yi shawara da kansa ba.

Tun cikin damina wasu mutane suka zo a mota, suka zauna ƙofar gidan mai unguwa, suka ɗauki sunayen matan gidajen da ba su da ƙarfi. Kubura matar Sama'ila tana ciki. Aka ɗauki hotonta, aka ba ta kati, aka ce tallafi zai riƙa zuwa lokaci-lokaci. Sama'ila ya juya katin gaba da baya ya miƙa mata, ya ce kati ba tuwo ba ne. An sha rubuta sunansa a duniya, bai taɓa ganin abin da ya biyo baya ba. Saboda haka da kaka ta yi, ya kira Suhaibu kamar kullum, aka kwashe kara tas.

Sai bayan nan, ba da jimawa ba, alat ɗin tallafin ya shigo 'yar wayar Kubura.

Matan unguwar suka yi ayari zuwa Babban Mutum wajen mai cire kuɗi. Kada wani ya ce maka tallafin nan yana mai da mutum Alhaji, ƙarya ne. Amma wanda ya saba da babu, kaɗan ma yana da nauyi. Zinariya, wadda mijinta ya rasu bara, ta dawo da akuya a igiya. Wata ta sayi kwanon rufi falle-falle don ɗakin da ke yoyo. Wata ta kai uwarta asibiti. Akwai kuma wanda ya karɓe na matarsa ya sayi waya mai hoto, wannan kuma shi da Allahnsa. Kubura ta sayi maganin tarin ƙaramar 'yarta Zubaida, ta sayi manja da daddawa, sauran ta ƙulle a bakin zane. Niyyarta akuya mai ciki.

Sama'ila ya ji labari a bakin rijiya cewa bana Jauro Yero ba zai sauka gonar Alhaji Kabo ba. Alhajin ya dasa rogo a gefe, Jauro kuwa ba ya son abin da zai kai shi gaban mai gari a kan ɓarna. Yana can zaune a wani fako yana neman masauki. Tun da Sama'ila ya ji haka abinci ya daina yi masa ɗanɗano. Kuɗin ba nasa ba ne, ya sani, kuma shi mutum ne da bai iya roƙo ba, sai zagaye.

Da la'asar Kubura tana sheƙa a tsakar gida, ya zo ya tsuguna kusa da turmi.

"Kubura, akuya guda, kashinta nawa ne a shekara?"

Ba ta ɗago ba. "Wane irin zance ne wannan, Malam? Ni nono da 'ya'ya nake nema, kai kana lissafin bayan gida."

"Tambaya na yi."

"To amsa ita ce ban auna ba. Faɗi abin da ke bakinka, ƙaiƙayi yana shiga mini ido."

Ya faɗa. Ya faɗi zancen Jauro, ya faɗi zancen rogo, ya kuma faɗi abin da bai taɓa furtawa ba, cewa in baɗi gonar ta sake gazawa zai sayar. Nan Kubura ta ajiye faifai. Ta daɗe tana kallon rumbu.

"In ka sayar, mu ci me? Kuɗin gona wata nawa suke yi?"

"Shi ne."

"To ji. Zan ba ka. Amma layukan gyaɗa na yamma nawa ne, har harawarsu. Kuma tallafin gaba in ya zo, akuyata ce, ko sama za ta faɗo."

"Na ji."

"Ba 'na ji' nake so ba. Ka yarda?"

"Na yarda, sarkin ciniki."

Ranar kasuwa ya sami Jauro Yero a wajen masu shanu, dogon tsoho siriri, da sanda a kafaɗa da malfa ta sha rana. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi dukiya. Sama'ila bai iya jan zance ba, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙullin kuɗin, ya ce yana so bana a sauka a gonarsa.

Jauro ko kallon ƙullin bai yi ba. "Kaɗo, mai da abinka. Ni gero nake ci, ba takarda ba. Kuma kafin gero, ido. Mu je in ga wurin."

Suka taka har gonar. Sama'ila yana gaba yana nuna rijiyar makiyaya da ba ta da nisa, yana nuna inuwar gawo, yana cewa babu rogo ko lambun kowa a kusa da wannan ɓangaren. Da suka iso, Jauro ya tsaya a iyaka ya dogara sanda. Gonar fes take, ko farfajiyar masallaci ba ta kai ta tsabta ba. Babu kara, babu karmami, sai kututture da sawun amalanke.

"Sannu da aiki," in ji Jauro. "Wa ya share?"

"Ni ne."

"Da tsintsiya?"

A nan ne abin ya faɗo wa Sama'ila.

Jauro ya ce, "Manyan shanu suna fita kiwo, su ci rabonsu su dawo. Amma ina da tsofaffi, ina da masu jego, ina da maruƙa. Waɗannan ba sa nisa, inda suka kwana nan suke ci. Ka gayyaci baƙo, ka kwashe tukunya kafin ya iso. Me zan ce musu? Su lashi yashi?"

"Zan ƙara maka gero."

"Gero cikina zai shiga, ba cikinsu ba. Akwai wani mutumin wajen Zango da ya yi mini magana, karansa yana nan kwance. Kasuwa mai zuwa zan tashi daga inda nake. Allah ya ba mu alheri."

Ya saɓa sandarsa ya tafi. Sama'ila ya tsaya cikin gonarsa mai tsabta, yana jin kamar ya mari kansa.

Da ya koma gida ya ba Kubura labari, sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki. Shi ma ya san ya cancanta. Da ta gama ta goge ido da bakin mayafi.

"To ai karan bai mutu ba. Yana can bayan gidan Suhaibu."

"In sayi abin da na sayar? A garin nan?"

"A wane gari kake so ka saya?"

"Kin san bakin mutanen nan. Kin kuma san bakin Suhaibu."

"Na sani. Ka zaɓi dariyar da za ka iya ɗauka, Malam. Ta mai mayar da kara gona, ko ta wanda ya sayar da gonar ubansa ya koma ƙwadago a cikinta."

Maganar ta yi zafi, amma gaskiya ce. Washegari da hantsi ya nufi gidan Suhaibu. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Suhaibu taubashinsa ne, ɗan ƙanin uwarsa, yana da izinin faɗa masa duk abin da ya ga dama. Ya same shi yana ba bijimansa dusa. Da ya ji abin da ya kawo shi, sai ya zauna a kan gindin amalanke, ya gyara hula, kamar wanda aka kawo wa kyauta.

"Maimaita, bawana. Kunnen nan nawa na hagu ba ya ji sosai."

"Ka ji sarai. Karana nake so."

"Karanka? Ni ban san kana da kara ba. Na san dai ina da kara."

"Suhaibu, ba wasa ya kawo ni ba."

"Ai ni ma ciniki nake. Karan nan fa yanzu ba irin wanda ka sani ba ne. Ya hau amalanke, ya ga duniya, ya yi daraja."

"Daga gonata zuwa bayan gidanka ne duniyar?"

"Bijimaina ba da iska suke tafiya ba. Kuma ta yaya za ka gane naka a cikin wannan tsibi?"

"Sirara ne kamar ƙafar balbela. Ko a makance na san su."

"Wallahi ka yi gaskiya. Da na ɗora su sai da bijimai suka waiwayo su ga ko na manta kayan."

Aka yi ta ja. Sama'ila ya tashi zai tafi, Suhaibu ya jawo rigarsa. Suhaibu ya rantse ba zai rage ba, sannan ya rage. A ƙarshe abin da aka sayar biyar aka saye shi bakwai, kuma Sama'ila ya ƙara da karan dawa mai ganye, don ya san nasa kaɗai ba zai cika idon Jauro ba. Da aka zo zancen dako, Suhaibu ya ɗaga hannu.

"Dako kyauta. Amma ta tsakiyar gari za mu bi, kuma kai ne a gaba."

Haka aka yi. Amalanke ya fito da kara ya yi tozo, ya nufi gona, alhali tun da aka kafa Unguwar Aduwa kara daga gona yake zuwa gari. 'Yan majalisar gindin bedi suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Abbas mai shayi ya bar tukunyarsa a wuta.

"Sama'ila, lafiya? Ko karan ne ya yi yaji ake mai da shi ɗakinsa?"

Wani ya ce, "An ba wasu tallafi sun sayi akuya, an ba gidan Sama'ila sun sayi kashin shanu."

Abbas ya ce, "Kashin ma bai zo ba tukuna. Wannan kuɗin gaisuwa ne."

Suhaibu yana bisa amalanke yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Sama'ila ya kafa idonsa a hanya. Sawu bayan sawu sai da aka bi ta gaban majalisar nan, har dariyar ta gaji ta koma tambaya. Wani dattijo ya biyo shi gona yana tambayar yadda suka yi da Jauro, don shi ma tasa gonar ba lafiya gare ta ba.

Shi da Kubura suka baza karan. Ba su jibge shi wuri guda ba, suka watsa shi layi-layi kamar yadda girbi yake barinsa. Da ragowar kuɗin ya sayo gero da kanwa a Babban Mutum ya ajiye a zaure. Ƙullin bakin zanen Kubura ya zama babu komai sai ƙulli. Sannan ya aika wa Jauro cewa ya zo ya sake gani.

Jauro bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Sama'ila ya kasa zama ya kasa tsayi. In Bafillacen nan ya wuce Zango, to an yi biyu babu, ba akuya ba mashekari, sai kara da gara za ta ci.

Ana gobe kasuwa sai ga Jauro, kuma ba shi kaɗai ba, da matarsa Adawiyya a bayansa da ƙwarya a ka. Wanda ya san Fulani ya san in aka zo da mace, zancen ya fara nauyi. Adawiyya ba ta kalli kara ba. Ta taka zuwa rijiya ta dawo, ta duba gindin gawo inda za a kafa bukka, ta tambayi Kubura nisan gari ga mai tallar nono, da ko matan unguwar suna biya ko sai an bi su. Kubura ta ce wasu suna biya, wasu sai an yi musu rashin kunya, kuma za ta nuna mata su ɗaya-ɗaya. Suka yi dariya.

Jauro kuwa ya bi layukan yana tona kara da sanda. Ya ɗauki na dawa ya murza ganyen, ya sansana.

"Wannan ba a gonar nan ya tsiro ba."

"A'a. Saye na yi."

"Wannan siririn fa?"

"Shi ne nawa. Shi ma saye na yi."

Jauro ya dube shi, gefen bakinsa ya motsa. Labarin ya riga ya kai masa, ba shakka.

"Kaɗo, ba zan ɓoye maka ba. Wannan ba zai kai mu bazara ba. Na wajen Zango ya fi shi yawa."

Kubura ce ta yi magana daga inda take tsaye, ba ta ɗaga murya ba.

"Baffa, duk dusar da ta fita daga turmina ta masu jegonka ce. Zan kuma bi maƙwabta in karɓo tasu."

Adawiyya ta ce wa mijinta wani abu da Fillanci, gajere. Jauro ya sosa gemu, ya dubi rijiya, ya dubi hanyar Zango mai nisa, ya dubi mutumin da ya yarda gari ya yi masa dariya saboda shanun wani.

"To. Iya karanka, iya zamana. Ran da ya ƙare, na tashi, kada ka ce na yaudare ka."

"Na yarda."

"Kuma kowane 'yan kwanaki zan matsar da makwancin, don ya game gonar. Ba sai ka koya mini ba."

Washegari da yamma garken ya iso. Farare ne yawancinsu, masu dogayen ƙahoni, da jajaye kaɗan, maruƙa suna tsalle a gefe, jaki ɗauke da tabarmi da ƙore. Suka bazu cikin gonar suka sa baki a kara, ƙarar taunarsu kamar ana yayyafi a kan rufin kwano. Sama'ila ya kawo geron da kanwar da kansa a ka, ya sauke gaban bukka. Ya tsaya har rana ta faɗi, sai da Kubura ta aiko a ce masa tuwo yana sanyi.

Daga ranar, gidan ya canja ta inda ba a zata ba. Adawiyya takan biyo da safe ta bar wa yara ɗan nono a kwano kafin ta shiga gari, Kubura ta ba ta dusa da kuka. Zubaida da tari ya ramar ta fara kumatu. Shi kuwa Sama'ila, da ya sallame asuba sai gona. Ba aikin da yake yi a can. Zagayawa kawai yake, hannu a baya, yana duban ƙasa tana baƙi, yana taka abin da wani zai tsallake.

Wata safiya yana cikin zagayen, sai ya hangi wata jar saniya ta ratse ta tsallaka iyaka zuwa gonar maƙwabci, ta tsaya, ta fara ɗaga wutsiya. Sama'ila ya tattare riga ya ruga, yana kaɗa hannu yana tsaki, ya zagayo ta gabanta ya koro ta. Sai da ta shigo cikin tasa da taku biyu sannan ta sauke nauyinta. Ya tsaya yana haki, ya gyaɗa kai.

Jauro yana zaune bakin bukka yana dama fura, ya ga komai.

"Kaɗo, in ka sake firgita mini saniya mai ciki, sai ka biya ɗan maraƙi."

"A gonata ta ci, Jauro."

"To zo ka zauna, kafin ka fara bin su da ƙwarya."

Sama'ila ya kakkaɓe ƙafa ya zo ya zauna a gefen tabarma. Jauro ya miƙa masa ludayi. Suka sha, shanu suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna miƙa, rana tana hawa kan gonar.